Littattafan Da Ya Kamata A Kai Wa Samarin Bompai Da Sharada Da Challawa

Kwanakin baya aiki ya kai ni wani ajin manya da ake yi da dare a Sharada, nan Kano. Yawancin ɗaliban samari ne masu aiki a masana'antu, waɗansu daga Bompai, waɗansu kuwa daga wuraren jimar fata na Challawa. Da na gwada su, sai na tarar da yawansu sun yi firamare, sun iya karatu a dā, amma yana ta kuɓuce musu, don tun da suka bar makaranta ba wanda ya miƙa musu littafin da zai sa su ƙagara su ga shafi na gaba. Ga shi kuwa masana'antu da yawa a waɗannan unguwanni sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje, wanda kuma aka sallama ba ya iya karanta ko takardar sallamarsa, ina zai nufa?

Saboda haka nake roƙon malaman makaranta da akawuna su tuna da littattafan da suka riƙe mu muna yara. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa, aka buga biyar daga ciki. Har yau ban ga abin da ya fi su jan sabon mai karatu ba.

Na tarihi, wanda na fi so a fara da shi shi ne Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista a 1957. Labarin yaro ne ɗan Kagara da aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim a Kano, aka ƙetare Sahara da shi. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, har Murzuk da Tarabulus. To, malam, in za ka karanta wa ɗan Challawa wannan, ka gaya masa ta wannan hanya ce raƙuma suke kai jar fatar Kano bakin teku tun kafin jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911. Sana'ar da yake yi da inji ita ce kakanninsa suka yi da hannu, kuma ayarin da ya ɗauki fata shi ne ya ɗauki bayi. Marubucin bai ɓoye wannan ba, bai kuma yi ta ihu a kai ba, abin da ya sa littafin ke da nauyi ke nan. An mai da shi fim a 1976, amma littafin ya fi.

Ganɗoki na Malam Bello Kagara ya haɗa biyun. Farkonsa tarihi ne, watau yaƙin Kontagora da Turawa, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare a Burmi a 1903. Daga nan sai jarumin ya faɗa ƙasashen aljannu da dodanni. Ni dai rabin farko ya fi gamsar da ni, amma na lura yara rabi na biyun suke so, ba kuwa zan yi musu gardama ba.

Na al'ajabi kuwa, kowa ya san Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da irin tsiyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke yi wa juna. Akwai kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951. Ba kowa ya san asalinsa tatsuniyar Rasha ce ba: birnin Kib shi ne Kiev, Sarki Waldima kuwa Vladimir ne. Amma in ana zancen labari mai tsinka zuciya, sai Jiki Magayi na John Tafida da East. Wani attajiri, Malam Shehu, ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu da kuɗi, Abubakar ya shiga uwa duniya neman asirin da zai rama a kan ɗan da suka haifa. Ba zan faɗi ƙarshensa ba.

Na san akwai malaman da ke ƙyamar labarin aljannu da sihiri, suna cewa ɓata lokaci ne. Ina ganin girmansu, amma su duba da kyau: a Jiki Magayi, wa ya ci ribar asirin?

Dabarar ba wuya. Ka karanta musu babi ɗaya da babbar murya, ka tsaya daidai inda numfashi ya ɗauke, sa'an nan ka ajiye littafin a kan tebur, ka ce mai so ya ara. Haka na yi a Sharada da Jiki Magayi guda ɗaya da ke jakata. Da na koma bayan mako uku, malamin ya ce ya bi hannun mutum shida, yanzu yana wurin wani mai gadin dare a Bompai, ya ce ba zai mayar ba sai ya sake karantawa.