Gawo a Gona, Hasken Rana a Garka



In ka tashi daga Magariya ka nufi Yekuwa cikin watan Maris, dubi dama, dubi hagu. Ƙasa ta bushe, ciyawa ta ƙare, amma gonaki cike suke da gawo, kore shar. Kai ka saba da ganinsa, har ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. To, ka sani masana daga ƙasashe masu nisa sun zo wannan yanki namu musamman don su ga wannan gawo, su tambayi yadda aka yi.

Ga yadda aka yi. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. Dabbobi sun mutu, itatuwa sun bushe, sauran kuma an sare an sayar don a sayi hatsi. Gonaki suka zama fili fetal. In ka yi shuka, iska ta kwaso rairayi ta binne ta, sai ka sake. Wani sai ya yi shuka sau uku kafin ta kama. A 1984 Shugaba Seyni Kountché ya tara babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An dasa itatuwa da yawa a waɗannan shekaru, an kashe kuɗi masu yawa, amma mafi yawan dashen bai rayu ba. Awaki sun ci, rani ya ƙone saura.

Abin da ya rayu shi ne abin da manomi ya bari da hannunsa. Tumaki da awaki suna cin ƴaƴan gawo, su kai irin cikin gona tare da kashinsu. Damina ta zo, ya tsiro. Da can, in an zo sassabe sai a share shi tare da sabara da kalgo. Sai manoman Magariya da Matamaye da Mirriya suka fara ƙyale shi, suna kaucewa da hauya, suna gyara masa rassa. A wajen Maraɗi kuma, a 1983, wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai, toho kawai suke so a bar musu. Wannan aiki shi ake kira sassabin zamani.

A 2006 Mahamane Larwanou, ɗan ƙasar nan, tare da abokan aikinsa, sun yi bincike a waɗannan gundumomi uku. Sun tarar gonakin da itatuwa suka komo cikinsu sun kai wajen hekta miliyan 1, kuma gawo ya fi yawa. A Nijar baki ɗaya an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Yau ana koyar da sassabin zamani a Habasha da wasu ƙasashe fiye da ashirin. Ko babban shirin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, ya ɗauki darasi daga gonakin Nijar. Watau a wannan fage kai ne a gaba, duniya na biye.

Me ya sa gawo? Ka fi kowa sani, amma bari mu faɗa don yara. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da hatsi ke son rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, su ci ƴaƴansa. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa irin ƙarfin da wake yake ƙara mata. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili kauri. Sarakunan da ma sun san haka. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sarar gawo, wanda ya sara kuwa ya gamu da hukunci mai tsanani.

Akwai abin da ya daɗe yana kashe wa manomi gwiwa. Tun zamanin Turawa, itace a idon doka kamar na hukuma ne. Ka rene shi a gonarka, ka yanke reshe, ma'aikacin daji ya ci ka tara. Wa zai reni abin da ba nasa ba? An sake dokar daji a 2004, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi kan itacen da ya rena. Duk da haka gawo yana cikin itatuwan da doka ke karewa. Kafin ka kayar da babba, je ka ga ma'aikacin daji.

Yanzu mu koma garka. A fadamun Korama da kwarurrukan Magariya da Dungas ruwa ba shi da nisa. Ana noman rake, da tumatir, da kabeji, da barkono. Shekaru da yawa injin ban ruwa yana shan fetur mai araha da ke shigowa daga Najeriya. A watan Mayun 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗin lita ya ninka, masu garka suka ji a jikinsu. A watan Agusta na wannan shekara kuma, bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. Kowa ya ga hatsarin jingina da abin da ke hannun wani.

Rana kuwa ba mai yanke ta. Wani ɗan Tasawa ya daɗe da faɗin haka, Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a 1929, ya rasu a 1991. Shi ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta ONERSOL a Yamai, suka ƙera tukunyar ɗumama ruwa da ta dafuwa masu aiki da rana, tun lokacin da mutane da yawa ke ganin abin kamar wasa. Sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. A 2015, a taron duniya kan sauyin yanayi a birnin Faris, Indiya da Faransa suka kafa ƙawancen ƙasashe masu son amfani da hasken rana, Nijar kuma ta shiga. A 2018 aka buɗe tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7 da rancen Indiya. A 2023 ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara aiki da kuɗin Tarayyar Turai da Faransa.

Waɗannan manyan tashoshi birane suke haskawa. Abin da ke isowa ƙauye shi ne farantin sola a kan rijiyar burtsatse, ko a ɗakin shan magani, ko a garka. A nan ne darasin gawo yake da amfani. Sau nawa ka ga famfon da baƙi suka kafa, aka yi biki, aka yi kiɗa, bayan shekara biyu ya tsaya saboda ɗan ƙarfe guda, ba wanda ya san wa zai saya? Dashen da ba shi da mai shi ya mutu, haka famfon da ba shi da mai shi.

Saboda haka, in an zo muku da maganar famfon sola, ku zauna da maigari tun kafin a haƙa rami. Ku zaɓi kwamiti, ku sa mata a ciki, don su suka fi kowa sanin ranar da ruwa ya ɗauke. Ku yanke abin da kowace jarka za ta biya, mai karatun yaƙi da jahilci ya riƙe littafi, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a kowane wata. Ku tambayi masu kawo kayan: in ya lalace, ina mai gyara yake, ina ake samun kayan gyara, Magariya ko Damagaram? Ku nemi a koya wa samari biyu na gari, ba ɗaya ba, don ɗaya yana iya tafiya ci-rani.

Farantin kansa ba shi da wuyar kulawa. Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gabansa. A wanke shi da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana yana da zafi ba. Kada inuwa ta faɗa kansa, ko ta reshe guda, don tana rage ƙarfinsa ƙwarai. A nan kam gawo da sola ba su zama wuri ɗaya, sai a ba su tazara. A yi shinge saboda dabbobi da jifar yara. Kuma kada ka ce tun da ba ka sayen mai, sai ka bar famfo yana zuba wuni guda. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da iyaka, in ka janye naka ka janye na maƙwabcinka. Batir da ya mutu akwai dalma da ruwan guba a cikinsa. Kada a fasa shi a gida, kada a yar kusa da rijiya, a mayar wa mai sayarwa.

Ke kuma uwargida, kin san farantin da ke kunna fitila da cajin waya ba ya tuƙa tuwo. Har yanzu ice ne a murhu. Rassan da aka gyara daga gona su ne icen gida, sun rage miki tafiyar daji. Murhu mai tattalin ice, na laka ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana sa dami ɗaya ya daɗe.

Lokacin sassabe ya kusa. A kowane kututture ka zaɓi toho biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Ka yanke ƙananan rassa na ƙasa har zuwa rabin tsawon itacen, da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ɗan gawon da ya tsiro, kafa masa sanda ka ɗaura tsumma, don yaron da ke bayan garma ya gan shi.