Amaryar da ta kama hanyar Ƙudus ba ta isa ba

Ranar 8 ga watan Maris na 2008, wasu mata biyu ƴan Italiya suka fito daga birnin Milan sanye da fararen rigunan amare. Ba ɗaurin aure za su ba, babu ango, babu ƴan rakiya. Pippa Bacca da ƙawarta Silvia Moro masu aikin fasaha ne, kuma sun ƙudurta zuwa Ƙudus ta ƙasa, suna tsaida motoci a bakin titi a rage musu hanya.

Da gangan suka zaɓi ƙasashen da yaƙi ya ɗaiɗaita, kamar Kuroshiya da Bosniya da Sabiya, da niyyar ratsa Siriya da Lebanon. Rigar ita ce saƙon. Amarya kan bar gidansu ta shiga hannun wasu mutane bisa amana, kuma irin wannan amanar ce yaƙi ke fara kashewa tsakanin maƙwabta. Pippa ta so ta nuna cewa har yanzu ana iya yarda da baƙo.

A garuruwan da suka yada zango, mata sun riƙa yi wa rigar Silvia ado da zare da allura. Ita kuwa Pippa ungozomomi take nema, ta durƙusa ta wanke musu ƙafafu, don girmama masu karɓar haihuwa a inda aka sha zubar da jini.

A Santambul suka rabu, da alkawarin haɗuwa a Beirut. Ranar 31 ga Maris aka daina jin ɗuriyar Pippa. An tsinci gawarta ranar 11 ga Afrilu kusa da garin Gebze na Turkiyya. Direban da ya ɗauke ta ne ya yi mata fyaɗe, ya shaƙe ta. Shekarunta 33. Ƴan sanda sun gano shi bayan ya saka layinsa a wayarta.

Wasu sun ce ganganci ta yi, kamar dai laifin na mai riga ne. Matan Turkiyya da dama ba su yarda ba, sun fito zanga-zanga, wasunsu cikin rigunan amare.

Da aka karɓo kyamararta, an tarar makashin ya yi aiki da ita. Bikin auren wasu danginsa ya ɗauka.