Karate: kowane gwani da katar da yake so

A wasan karate akwai wani darasi da ake kira kata. Mutum guda ne ke tsayawa cikin fili, yana naushi, yana shuri, yana kare kai, yana juyawa dama da hauni, alhali kuwa babu kowa gabansa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rawa ce. Amma kowane taku a ƙayyade yake, an gaje shi daga malami zuwa almajiri a tsibirin Okinawa, can kudancin ƙasar Japon, inda wasan ya samo asali. Da yake mutanen da ba su cika rubuta dabarunsu ba, kata ita ce littafinsu.

Ire-irenta suna da yawa. Makarantar Shotokan kaɗai tana da 26. Biyar daga ciki, waɗanda ake kira Heiyan, wani malami mai suna Itosu Anko ya tsara su a farkon ƙarni na 20 domin ƴan lakwal. Sai dai da wuya ka sami gwanin da ya riƙe su duka da hannu bibbiyu. Kowa da tasa, kuma daga zaɓinsa ake gane abin da yake nema a wasan.

Labarin malamai biyu ƴan Okinawa ya isa misali. Funakoshi Gichin, malamin lakwal ne mai sanyin hali, shi ya kai karate birnin Tokyo a shekara ta 1922. Katar da ya fi ƙauna ita ce Kushanku, wadda ya sake wa suna Kanku, wato duban sama, saboda ana fara ta ne da ɗaga hannuwa biyu a bi su da ido. Doguwa ce, motsi 65, tana da tsalle da faɗawa ƙasa.

Shi kuwa Motobu Choki, wanda ya yi suna wajen faɗa tun yana saurayi, ya manne wa Naihanchi. Ga ido ba ta da armashi ko kaɗan. Mai yin ta yana buɗe ƙafafu kamar mahayin doki, yana tafiya gefe-gefe bisa layi ɗaya, ba gaba ba baya, kuma kafin ɗan kallo ya gyara zama an gama. Amma a cikinta ake koyon kafa ƙafa, da fitar da ƙarfi daga ƙugu, da bugun wanda ya matso har ana jin numfashinsa. A farkon shekarun 1920, Motobu, yana da shekara 50 da ɗoriya, ya ka da wani ɗan damben Turawa a birnin Kyoto. Da mujallar King ta ba da labarin a 1925, sai aka zana Funakoshi a maimakonsa. Wannan kuskure ya ƙara hura wutar rashin jituwa tsakaninsu.

Mabiya makarantar Goju-ryu su kuma Sanchin ce uwa gare su: taku kaɗan a hankali, jiki a ɗaure, numfashi mai ƙara.

Gasa ta zo da nata ma'auni. Alƙalai suna duban sauri da ƙarfi da tsabtar motsi, don haka ƴan wasa suka karkata ga dogayen kata masu ɗaukar ido. A wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, karo na farko da karate ya shiga, matan nan biyu da suka kai wasan ƙarshe, Sandra Sanchez ta Sipaniya da Shimizu Kiyou ta Japon, kata guda suka yi, Chatanyara Kushanku, ƴar Sipaniya ta ɗauki zinariya. Wajen maza, Kiyuna Ryo, haifaffen Okinawa, ya yi nasara da Ohan Dai.

Naihanchi ba kasafai ake ganin ta a irin wannan fage ba, kuma saurayin da ke harin lambar yabo ba ya son ɓata shekaru kanta. Amma a makarantun Shorin-ryu na Okinawa har yau tana cikin abin da ake fara ɗora almajiri a kai, kuma dattawa masu furfura suna tsayawa sahu ɗaya da yara suna maimaita ta.