Amsar Aikin Gida a Jikin Buhun Yuriya

A Garaku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kokona da ke kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, da damina ta sauka sai shaguna su cika da takin zamani. Yaro ɗan sakandare zai ɗauko wa babansa buhun yuriya a kan babur, da daddare kuma ya zabga tagumi gaban littafin kemistiri na Ababio, wai an ce ya nemo kason naitirojin da ke cikin yuriya. Bai san cewa amsar ce ya jingine a zaure ba: lamba 46 da aka buga ɓaro-ɓaro a jikin buhun.

A rubuce, yuriya ita ce CO(NH₂)₂. Nauyin ƙwayar zarra ta kabon 12 ne, oksijin 16, naitirojin 14, haidirojin 1. Wannan 2 ɗin da ke wajen baka tana ninka duk abin da ke ciki, don haka naitirojin ya zama 28, haidirojin ya zama 4. A haɗa su duka, 60 ke nan. A raba 28 da 60, a ninka da 100, sai a samu 46.7. 'Yar tazarar da ke tsakaninsa da 46 na jikin buhu kuwa, ai takin kasuwa ba tsantsa ba ne.

A kan wannan 2 ɗin ce ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Wanda ya manta da ita zai samu 44 a matsayin jimilla, amsarsa ta sauka kusan 32, ya miƙa wa malam hankali kwance. Da ya leƙa zaure, da ya gane da sake.

Lissafin bai tsaya a aji ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, shi kuwa na kamfa 15-15-15 kilo 7.5 kawai gare shi, kodayake yana da wasu sinadaran biyu da amfanin gona ke buƙata. Manomin masara da ya san haka ba a yi masa wayo a farashi.

Masu duba jarrabawar WAEC da NECO suna ba da maki a kan matakan lissafi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Saboda haka iyaye, in yaro ya kawo aikin gida, a sa shi ya rubuta kowane mataki a fili kafin ya taɓa kalkuleta.