Sawun Italiyawa a Adabin Ostiraliya

Tun kafin babbar ƙaurar Italiyawa zuwa Ostiraliya, wani Ba'italiye mutumin Urbino mai suna Raffaello Carboni ya riga ya shiga tarihin adabin ƙasar, domin yana cikin mahaƙan zinariyar da suka yi bore a Ballarat a 1854, kuma littafinsa na 1855, The Eureka Stockade, bayanin ganau ne da masana ke komawa gare shi har yau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da yarjejeniyar 1951 tsakanin Italiya da Ostiraliya wadda ta rage wa masu ƙaura kuɗin jirgi, dubban iyalai daga Kalabiriya da Sisili suka sauka, suka cika titin Lygon na Melbourne da shagunan gahawa, suka kuma kafa jaridu irin su Il Globo.

Abin lura shi ne, shahararren littafin 1957 kan baƙon Ba'italiye, They're a Weird Mob, ba Ba'italiye ne ya rubuta shi ba, John O'Grady ne da sunan aro, wato Nino Culotta. Muryar cikin gida ta fi fitowa a Looking for Alibrandi na Melina Marchetta a 1992, inda wata budurwar Sydney ke fama tsakanin tarbiyyar kakarta da rayuwar makaranta.