Yadda Ake Gyara Hoton Ganye A Waya Don Malamin Gona Ya Gane Cutar

A Wagini da ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana, matashin da ke riƙe da wayar Android shi ake nema idan masara ko gero suka fara ciwo. Shi zai ɗauki hoton ganyen, ya tura wa malamin gona ta WhatsApp. Idan hoton ya fito dishi-dishi, sai a yi hasashe, a sayi maganin feshin da bai dace ba, kuɗi su tafi, amfanin gona ya bi su.

Tsutsar masara da aka fara gani a Najeriya a 2016 ana gane ta ne da wata alama a kanta mai kama da harafin Y a kife, da ɗigo huɗu kusa da wutsiya. Hoton da bai nuna waɗannan ba bai amfana komai ba.

Aikin yana farawa tun a gona, domin babu manhajar da ke dawo da abin da kyamara ba ta kama ba. A goge gilashin kyamara, a ɗauka da safe ko a inuwa, a taɓa ganyen a fuskar waya har ya fito sarai. Ƙaramar kyamarar kusa ta wayoyi masu araha sau da yawa megafiksel 2 ce kacal, don haka gara a yi amfani da babbar, a ɗan ja baya, daga baya a yanke gefen hoton.

A Snapseed, manhajar Google ta kyauta, sashen Tune Image ne ke daidaita haske da duhu. A rage hasken wuraren da rana ta haske, a ɗaga na inuwa, sannan a ƙara Contrast kaɗan. Sashen Details yana fito da jijiyoyin ganye da ramukan da tsutsa ta ci, amma idan aka cika shi sai hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. Selective kuma yana ba da damar gyara wurin ciwon kaɗai.

Launi kuwa a bar shi yadda yake. Rawayar da ke farawa daga bakin tsohon ganyen masara alama ce ta ƙarancin sinadarin da takin yuriya ke bayarwa, kuma ƙara kore yana iya ɓoye ta.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto. A zaɓi HD ko a tura shi a matsayin Document, a haɗa da na asali wanda ba a taɓa ba.