Bushin Farfela Ya Ƙi Fita: Gaskiya da Ƙarya a Shawarwarin Bakin Gareji

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa masu motoci da dama a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suka koma yin ƙananan gyare-gyare da hannunsu a ƙofar gida. Aikin da ya fi tsaya musu a rai shi ne cire bushin farfela. Yashin rani da ruwan damina da ramukan hanyar Kaura zuwa Shinkafi ta Moriki sukan haɗu su liƙe shi da tsatsa, har mai mota ya gaji ya ce abin ya ƙiya. A nan ne kowane mai wucewa zai ba da tasa shawarar. Wasu shawarwarin gaskiya ne, wasu kuwa asarar dukiya suke jawowa, har da ta rai. Ga yadda suke idan aka tace su.

Magana ta farko: "Duk ƙara ko rawar da ke ƙarƙashin mota daga bushin farfela ne."

Ƙarya ce. Da farko dai ba kowace mota ce ke da farfela ba. Golf da Sharon da suka cika tashoshinmu da ƙafafun gaba suke ja, gajerun shaf biyu gare su. Doguwar farfela mai kai ƙarfin inji daga giyabos zuwa aksul na baya ana samun ta ne a irin su Hilux da Hiace da Canter da tsofaffin Marsandi. Ko a cikinsu ma, wurare daban-daban ne jama'a suke kira bushin: akwai zoben ƙarfe da ke wutsiyar giyabos inda kan farfela ke shiga, akwai roba mai boris da ke riƙe tsakiyar farfela, akwai kuma ɗan ƙaramin bushin da ke bakin farfelar Marsandi. Sau da yawa ma laifin kuros ne ko taya. Kafin ka kwance komai, kashe inji, ka kama farfela da hannu ka girgiza ta sama da ƙasa, ka murɗa ta, ka ga inda take wasa.

Ta biyu: "Babbar guduma ce maganinsa."

Wannan ita ce ƙaryar da ta fi ɓarna. Tun daga masana'anta ake yin bushin ya ɗan fi raminsa kauri, da abin da bai wuce kaurin silin gashi ba, sannan a danna shi da injin matsi. Matsewar nan ce ke riƙe shi. Idan ka sa guduma a gefe guda, sai ya karkace ya ƙara cijewa, bakinsa ya baje ya fi ramin faɗi. Idan kuma gudumar ta kauce ta sami jikin farfela, an gama, domin bututu ce mai siririn jiki wadda aka daidaita nauyinta. Waɗancan 'yan faranti na ƙarfe da aka liƙa mata da walda, don daidaiton aka sa su. A mota irin Hilux, farfela takan juya kusan sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya, wato a gudun kilomita 80 tana juyawa fiye da sau 2,000 a minti. Lotsawa kaɗan ta isa ta sa mota rawa, ta cinye sabon bushin da kuros da sil cikin ɗan lokaci. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ta uku: "A sa masa wuta."

Akwai gaskiya a ciki, amma yawanci a baibai ake yin ta. Zafi yana buɗa ƙarfe, don haka gidan da bushin yake ciki ake ɗumamawa domin ramin ya saki. Wanda ya ɗora wuta a kan bushin kansa ya ƙara kumbura shi ne. Wutsiyar giyabos a motoci da yawa ta alminiyam ce, shi kuwa yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka idan an kwance ta an ajiye a ƙasa, tafasasshen ruwa ma yakan wadatar. Wutar gas ta masu walda ta yi masa yawa. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kafin ya zube. Ƙona roba a ƙarƙashin mota kuwa ganganci ne tsantsa: tanki da bututun mai suna kusa, hayaƙin yana cutar da ƙirji, ga gidaje da yawa akwai jarkar fetur a ajiye. Sanya sabon bushin ƙarfe cikin leda a binne shi a ƙanƙara kafin a saka shi dabara ce mai kyau, don sanyi yana ɗan tsuke shi.

Ta huɗu: "Man birki ko kananzir na sa ya zame."

Rabi da rabi. Kananzir da man dizal da man feshi na gwangwani suna ratsa tsatsa idan aka jiƙa wurin aka bar shi ya kwana, amma ba sa rage matsewar da aka yi a masana'anta. Man birki yana cin fenti, yana kuma jawo danshi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a shafa baƙin mai ko giris a jikin sabuwar roba don ta shige da sauƙi, saboda man yana kumbura ta ya ruɓar da ita. Ruwan sabulu ya isa.

Ta biyar: "Ana fitar da bushin da giris, har da burodi ko sabulu."

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan tatsuniya, alhali gaskiya ce, da sharaɗi ɗaya: sai ramin ya kasance toshe daga baya, kamar na bakin farfelar Marsandi ko na gindin karanshaf a bayan kuloci. Ka cusa giris cikin ramin da yatsa har ya cika, kada ka bar iska. Ka samo sandar ƙarfe da ta cika bakin bushin cif-cif. Idan ta ɗan yi sako-sako, ka naɗa mata salatif. Ka saka ta ka buga a hankali. Za ta nutse, sai ka zare ta ka ƙara giris ka sake bugawa. Tun da giris ba ya matsuwa kuma ba shi da hanyar fita, sai ya tura bushin daga baya, ka ga bakinsa yana leƙowa kaɗan-kaɗan. Burodi mai laushi da sabulu da jiƙaƙƙiyar takarda aiki ɗaya suke yi, ba sa kuma tsartuwa kamar giris. Ka kare idonka, ka kuma wanke ramin tas bayan an gama. A ramin da ya huje gaba da baya, irin na wutsiyar giyabos, wannan dabara ba ta aiki.

Ta shida: "In ba injin matsi, ba yadda za a yi."

Ƙarya ce. Dogon bol mai zare da noti da washa masu kauri da guntun bututu biyu sun isa. Bututu ɗaya ya yi daidai da bakin bushin don ya tura shi, ɗayan ya fi shi faɗi don ya karɓe shi a ɗaya ɓangaren. Ka shafa wa zaren mai, ka riƙa ɗaure noti da sufana, bushin zai fito a miƙe. In ya ƙi, ka zura ruwan zarton ƙarfe ta ciki ka tsaga shi a tsaye, ka tsaya dab da hujewa, sannan ka lanƙwasa bakin tsagar ciki da siririn ƙarfe. Da zarar zoben ya tsage, ƙarfinsa ya ƙare. Wajen saka sabo, ka lura da ramin mai da ke jikinsa ya fuskanci inda tsohon ya fuskanta, ka kuma canza sil. Na tsakiyar farfela kuwa, roba da boris tare ake canza su. Robar da ake yankawa daga tsohuwar taya za ta iya kai ka gida, amma ba ta shanye girgiza, ba gyara ba ce.

Ta bakwai: "Farfela ko ta yaya aka mayar da ita daidai ne."

Ƙarya ce. Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka ja layi da fenti a kowace mahaɗa. Farfela mai gaɓa biyu a haɗe aka daidaita ta, kuma idan haƙori ɗaya ya goce wajen mayarwa, kunnuwan kuros za su saɓa, mota ta kama rawar da ba ta da ita a da.

Ta takwas: "Jak ya isa, tun da mota tana cikin giya."

Wannan ƙaryar kisa take yi. Da zarar an cire farfela, giya ba ta riƙe ƙafafun baya. A mota irin Canter ma birkin hannu a wutsiyar giyabos yake, don haka cire farfela ya raba motar da shi gaba ɗaya. A yi aikin a ƙasa mai tauri, a tare tayoyi gaba da baya, a tokare mota da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri. Bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, jak kuma yana nutsewa a yashi.

Kowa ya san halin tsaron da hanyoyin yankin nan suke ciki, daga ta Zurmi zuwa Jibiya har ta Shinkafi a ranar kasuwar Alhamis. Motar da ta tsaya a daji ta jefa direba da fasinja cikin haɗari, balle farfelar da ta tsinke ana cikin gudu. Don haka idan ka ga ramin bushin ya faɗaɗa, ko farfela ta lotsa, ko mota na rawa bayan gyara, kada ka ɗauki fasinja. Kai ta wurin ƙwararren bakanike mai injin matsi, ko da sai ka dangana da Gusau. Allah ya kiyaye hanya.